Mai Awara da Allurar Mabiyiya

Ranar da na zauna a cikin awarar Michiyo, taimako na je yi. Ina so a riƙe wannan kafin a ji sauran.

Watan Janairu ne, ƙanƙara ta kai gwiwa a layinmu. Na buɗe shagon askina, na leƙa tsallaken titi, sai na hango ƙofar shagonta a wangale, iska na kwasar ƙanƙara tana watsawa ciki. Na ce a raina aiki ne ya sha mata kai har ta manta. Na tsallaka, na ja ƙofar na rufe, na murɗa murhun kananzir ɗinta na ɗumama ɗaki har ƙarshe, na juyo ina jiran godiya. Abin da na gani shi ne mace tsaye cikin singileti, fuska jawur kamar dafaffiyar ƙaguwa, gumi na ɗiga daga haɓarta, ga ƙaton ludayi a hannu.

Ta ce, "Nori-chan, wa ya aiko ka?"

Na ja da baya don in yi bayani daga nesa. Ƙasan shagon mai awara kuwa ba ya rabuwa da ruwa. Santsi ya kwashe ni, na faɗa da mazaunai cikin bahon ruwan sanyin da awara ke kwanciya a ciki. Guda goma sha biyu na murƙushe. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce in biya ba. Ta buɗe ƙofarta, ta kashe murhun, ta kwashe ɓaraguzan a roba ta miƙa min. Kwana huɗu matata tana zuba min su a miya, safe da yamma, tana tambayata ko na gane ɗanɗanon wandona.

A ranar na fara sanin abin da ke damun maƙwabciyata, ni da nake taƙama babu abin da ke faruwa a layin nan ban ji shi a kujerar aski ba.

Michiyo Tarumi ke nan, shekararta hamsin da ɗaya a lokacin. Aji ɗaya muka yi a firamare, shi ya sa har gobe take kirana Nori-chan kamar ɗan shekara bakwai, alhali furfurata ta fi ta duk wanda nake yi wa aski. Shagon na babanta ne. Ta taɓa gudu daga gare shi, ta yi shekara biyar a Yokohama tana ɗinka kujerun mota a masana'anta, ta dawo lokacin da bayan tsohon ya ƙi miƙewa. Ta auri Kazuhiro, direban babbar mota mai jigilar shinkafa, mutumin da in ya yi magana sau uku a yini sai a tambaya ko lafiya. 'Yarsu ɗaya tana Osaka, tana bugo waya ran Lahadi in ta tuna.

Akwai abu guda da Michiyo take da shi wanda babu mai shi a duk garinmu, shi ne jininta. Irin nan ne da sai an tara mutum dubu biyu kafin a sami ɗaya mai shi. Ta san haka ne tana shekara goma sha tara, ranar da cikin babanta ya ɓalle da zubar jini aka kai shi asibiti. Aka gwada ta, aka ce irin nasa ne, amma nata kaɗai ba zai isa aikin ba. Asibiti ya shiga buga waya. Tana zaune a baranda ta sunkuyar da kai, saboda haka ƙafafu kawai ta gani sun wuce: takalmin ofis ɗaya, silifas ɗin mace ɗaya, sai wani dogon takalmin roba da ɓawon kifi a jikinsa. Suka ba da jini suka tafi. Ba ta san sunan ko ɗaya ba. Babanta ya ƙara shekara ashirin da shida a duniya yana zagin duk wanda ya ce awarar kanti ma awara ce.

Tun daga nan sunanta yake cikin jerin waɗanda ake kira. Tana zuwa da kanta duk lokacin da ƙa'ida ta ba ta dama, sannan sau ɗaya ko biyu a shekara waya kan yi ƙara, wata murya mai ladabi ta ce akwai mai buƙata, ko za ta iya zuwa birnin Niigata yau ko gobe. Sai ta cire ƙyallen aikin da ke ɗaure a gabanta, ta rataye allon "an tashi", ta hau jirgin ƙasa. Shekara talatin da biyu ba ta taɓa cewa a'a ba. Ba ta kuma yin zancen. In ka yaba mata sai ta ce biskit ɗin da suke bayarwa ne yake kai ta.

To, sai al'adarta ta fara ɗaukewa, zafi ya zo a madadinta. Yakan taso mata daga ƙirji ya haye wuya ya mamaye fuska, sau goma sha biyar, sau ashirin a yini. Barci ya zama guntu-guntu. Duk wannan da ta shanye, don ba mace ba ce mai raki. Inda abin ya taɓa ta shi ne tukunya.

Awara tana da wani lokaci guda wanda in ka kuskure shi ka yi asarar wake. Bayan madarar ta tafasa an tace, sai a jira ta huce daidai, a zuba ruwan ɗacin gishirin teku, a juya, a tsayar da muciya cak. Babanta bai taɓa auna zafin da komai ba sai fuskarsa, haka ya koya mata: ki kai kumatunki kusa da tururi, shi zai gaya miki. Shekara ashirin da biyar kumatun Michiyo ba su yi mata ƙarya ba. Yanzu in ta sunkuya, ba ta iya bambance zafin tukunya da nata. Yau awara ta fito da tauri kamar sabulu, gobe ta fito ruwa-ruwa ta ƙi tsayuwa. Masu saye ba su ce komai ba, mu nan ba a faɗa. Sai dai wanda ke sayen biyu ya koma sayen ɗaya.

A nan Fusae ta shigo, yayar mijinta, mai shagon kayan rubutu a bakin layi. Fusae takan zo wurina duk wata in aske mata gashin fuska da ƙeya, kuma daga bakinta na ji yawancin abin da zan faɗa, don ko reza na kan maƙogwaronta ba ta yin shiru. Ita da wasu mata biyar na layin suna da abin da muke kira ƙungiyar Talata da Juma'a. A ranakun nan suke jeruwa zuwa ƙaramin asibitin mata da ke bayan tasha, a yi musu allurar mabiyiya, wato ruwan da ake tacewa daga mabiyiyar jarirai bayan an haihu lafiya. Inshora na ɗaukar mafi yawan kuɗin ga mata masu shekarunsu, abin da za ka cika bai kai kuɗin kwanon taliya ba. Daga nan su wuce shan shayi su ci naman wadda ba ta zo ba.

Fusae ta same ta a shago ta ce, "Michi-chan, dubi fuskata. Dube ni da kyau. Yaushe rabon da ki gan ni da mafici?"

"Na ga kin ƙara ƙiba, Yaya."

"Barci ne. Barci nake kamar an buge ni da taɓarya. Ke kuwa kin zama kamar tsumman goge tebur, a matse ki a shanya. Ran Juma'a za ki bi ni, ko ki tafi da ƙafarki ko in ja ki."

Michiyo ta bi ta, don ta gaji. Likitar, wata dattijuwa mai suna Hamaguchi, ba ta yi mata daɗin baki ba. Maganin da aka fi ba mata don wannan zafi ta ce ba ta so ta fara da shi, tunda ciwon dajin mama ne ya ɗauki mahaifiyar Michiyo da ƙanwar mahaifiyar. Allurar kuwa, ta ce, wasu matan cikin mako biyu ko uku sukan ce zafin ya ragu, gajiya ta sake su. Wasu ba sa jin komai sai zafin tsinin allurar. Binciken da aka yi a kai ba shi da yawa, ba za ta yi mata alkawari ba, amma ba laifi a gwada.

Michiyo ta ce a gwada. Aka kawo takardar amincewa. Ta ciro hatiminta daga jaka, wanda mu nan shi ne sa hannu, ta danna shi a jan tawada, ta ɗaga hannu. Sai idonta ya faɗa kan layi na huɗu, don ita mace ce da ko takardar cikin kwalin ashana sai ta karanta.

"Likita, mene ne wannan? Wai wanda aka yi wa ba zai ƙara ba da jini ba."

"Haka dokar masu karɓar jini take. Daga jikin mutum aka samo maganin. Ba a taɓa jin ya sa wa wani cuta ba, amma akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ba a iya gano ta a gwajin jini, shi ya sa suka rufe ƙofar gaba ɗaya."

"Na wata nawa?"

"Ba wata ba ne. Ko sau ɗaya aka yi miki, shi ke nan, sai dai in sun canza dokar wata rana."

Fusae ta ce, "Yo sai me? Danna mana, mutane na jira. Shekara talatin kina tsiyayar da kanki, ai kin yi naki."

Michiyo ta dubi hatimin, ta dubi takardar. Ta miƙa hannu ta zaro farin hankicin da ke leƙowa daga jakar Fusae, ta goge tawadar tas a jikinsa, ta ninke ta mayar mata. Ta rusuna wa likita, ta ba da haƙurin ɓata mata lokaci, ta fita.

Kafin yamma labari ya zaga layi. A kujerata aka yi shari'ar, kwana da kwanaki. Mai gyaran keke ya ce taurin kai ne irin na ubanta. Mai kantin magani ya ce akwai ƙwayoyin mabiyiyar doki da ta alade, na haɗiya, su ba sa hana ba da jini. Michiyo ta saya ta sha wata biyu, ta ce abin da ya canza kawai shi ne ta fara sha'awar ciyawa. Ta sha jiƙe-jiƙen gargajiya masu ɗaci, suka ɗan taɓa barcin, zafin kuwa ko gezau. A cikin ƙungiyar Talata da Juma'a ma ba duka aka dace ba: matar mai hoto ta yi wata huɗu tana karɓar allura, har yau da tawul take yawo a wuya. Amma Fusae ta warware da gaske, wannan ba a musu, kuma kullum sai ta bi ta ƙofar shagon awara tana tafiya a hankali don a gani.

Kazuhiro ya dawo daga tafiya aka ba shi labari a wurin cin abinci. Ya tauna shinkafa ya haɗiye, ya ce, "Akwai wasu masu irin jinin ai."

Ta ce, "Akwai. Akwai wasu masu awara ma, akwai wasu matan aure. A duk abin da nake yi a duniyar nan, ka gaya min guda ɗaya da in na bari za a rasa mai yi kafin azahar. Waccan wayar ce kaɗai in ta yi ƙara ni ake nema, ba kowa ba."

Ya ƙara shinkafa. Maganarsa ta yini ta ƙare.

A watan Maris mai masaukin baƙin da ke kan tudu ya sauko da kansa, wanda tun zamanin babanta yake karɓar awara talatin kowace safiya. Ya zo da kwalin alewa, ya rusuna ya ƙara rusunawa, ya yi zancen sanyi, ya yi zancen tsadar wake, sannan ya ce mai dafa musu abinci yana so ya ɗan gwada wani wuri na ɗan lokaci. Kowa ya san tsawon ɗan lokacin nan. Sulusin cinikinta ke nan ya tafi. Ta raka shi har titi, ta dawo ta zauna a bakin ƙofa ta cinye alewar ita kaɗai, ina kallonta ta gilashi, ko tayi.

Washegari ta hau bas ta je ta sayo ma'aunin zafi irin na masu gasa burodi, abin da babanta ke kira sandar makafi. Kafin ta tsoma shi a tukunya sai da ta je gaban hotonsa a ɗaki, ta kunna masa turare, ta ce, "Baba, ka juya baya." Ta sa aka fasa bango aka yi taga a saitin tukunya. Ta ajiye bokitin ƙanƙara da tawul a gefe. Mako uku tana rubuta lamba a jikin bango da alli har ta gano inda kumatunta suke tsayawa a da. Awara ta dawo hayyacinta. Mai masauki dai bai dawo ba.

Sai ga waya a watan Mayu, ana tsakar dashen shinkafa. Ta rataye allo, ta hau jirgi, zuciyarta wasai. A can aka soki yatsarta kamar kullum, ma'aikaciyar ta duba na'ura, ta sake dubawa, ta ce jininta ya yi ƙasa, yau ba za a iya ɗiba ba.

"Sake gwadawa. Ɗaya hannun ya fi kirki."

"Tarumi-san, ko an sake haka zai nuna. Ki yi haƙuri."

"To shi mai buƙatar fa?"

"Za mu kira na gaba a jeri. Akwai wani a Toyama."

Suka ba ta biskit duk da haka. Ta bar shi a kan kujera. A tasha jirgi biyu suka wuce tana zaune, zafi ya taso mata ya sauka, ya sake tasowa. Ta ƙi allura, ta rasa mai masauki, ta yi wata huɗu tana jiƙa riga uku a yini, duk don wannan ranar, ga shi an sallamo ta da jininta a jiki.

Fusae ba ta jira ko kwana ɗaya ba. "Kin gani ko? Su ma sun ce ba sa so. Kina ta ɓoyon abin da ba mai karɓa. Haba Michi-chan, wa kike yi wa wannan wahalar?"

Ran Juma'a kuwa sai ga Michiyo a asibitin bayan tasha. Matan ƙungiya suka dubi juna, suka matsa suka ba ta wuri a benci. Matar mai hoto ta dafa mata gwiwa. Fusae ta tashi da kanta ta karɓo takardar amincewa, ta ajiye mata a cinya, ta cusa hankicinta can ƙasan jaka. Da aka kira sunanta, Michiyo ta miƙe, ta ɗora takardar a kan benci, ta shiga, ta bar ƙofa a buɗe yadda kowa zai ji.

"Likita, me ke ƙara jini?"

Likita Hamaguchi ta cire tabarau ta dube ta, ta ce, "Zauna, mai taurin kai." Ta duba ta sosai, ta rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini na wata uku, ta ce kada ta kuskura ta je ba da jini sai ta gama an sake aunawa. Sannan ta lissafa mata abinci, na farko a ciki hanta.

Duk wanda ya san Michiyo ya san tsakaninta da hanta. A makaranta a aljihu take zuba ta. Bazarar nan kaf, da zafinta da ya sa kwalta ke kama takalmi, tana tsaye kan tukunya da nata zafin a kan na gari, da rana kuma ta zauna a bakin ƙofa da farantin hanta da alayyafo, tana tauna tana hararar titi kamar titin ne ya dafa. In Fusae ta zo wucewa sai ta ɗaga mata tsinken cin abinci ta ce, "Yaya, zo ki taya ni." Fusae ta ce ita ba ta cin abinci da mahaukata. Amma ni na san wa ke zuwa wurin mahauci da sassafe tana cewa a ajiye wa matar ƙaninta mai kyau.

A watan Oktoba likita ta ce ta isa. Ba ta jira a kira ta ba. Ta zaɓi Litinin, ranar da masu aski ke hutu, ta ƙwanƙwasa min gilashi ta ce in fito da mota, Kazuhiro yana hanya, ita kuma ba ta son zaman tasha. Na kai ta. Na zauna a ɗakin jira ina karanta mujallar kamun kifi ta bara, ina satar kallonta ta ƙofar gilashi. Aka soki yatsa. Ma'aikaciyar ta duba na'ura, ta ɗaga kai, ta nuna mata gado. Michiyo ta kwanta ta miƙa hannu kamar mai karɓar abin da aka daɗe da riƙe mata. Ana cikin ɗiba zafin ya taso, na ga fuskar ta yi ja, gumi ya karyo. Ma'aikaciya ta rugo a tsorace. Michiyo ta kore ta da ɗaya hannun, ta ce a kawo mafici kawai a ci gaba.

A hanyar dawowa ta sauke gilashin mota har ƙasa, iskar kaka na dukana a kunne, tana cin biskit ɗinta ɗaya bayan ɗaya. Zafin bai bar ta ba, likita ta ce yana iya kai wasu shekaru. Ni kuma bakina ba ya iya zama.

Na ce, "Michiyo-san, tsakanina da ke, an ci riba kuwa? Fusae na can tana barci kamar jaririya, ke kina nan kina tafasa, saboda wani da ko awara ɗaya ba zai taɓa saya a wurinki ba. Ni da ni ne, tun ranar farko zan danna hatimin nan in huta."

Ta karkaɗe ɓurɓushin biskit daga cinyarta, ba ta ko juyo ba.

"Kai ai ko sau goma ka danna babu wanda zai yi asara, Nori-chan. Jininka irin na kowa ne, kuma shekara hamsin da biyu ban ji wanda ya taɓa amfana da shi ba sai sauro. Dubi hanya."